A kawo mana bayanin inshorar kwamfuta da Hausa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina da shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista ta intanet a kusa da Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. A daminar bara, wani dare aka yi hadari mai tsawa, wuta mai ƙarfi ta biyo waya ta shiga shagon. Da safe na tarar kwamfutoci biyar cikin bakwai sun ƙone, da firinta da inbata, ga shi lokacin da ɗalibai ke kawo furojet ne. Sai da na sayar da ɗan filin da na tanadar wa yara kafin na mayar da uku, su ma na hannu. Yara biyu da ke cin abinci a shagon na sallame su, kuma wannan ya fi ƙonewar kayan yi mini ciwo.

Cikin masu zuwa jaje akwai wani abokin sana'a daga Jega, wanda irin wannan ta taɓa faɗa masa. Shi yana da inshorar kayan lantarki, an kuma biya shi, amma abin da ya karɓa bai kai rabin asararsa ba. Da muka zauna da takardarsa muka bi ta layi-layi, sai muka ga ba cutar sa aka yi ba. Ya rubuta darajar kayan a kan farashin da ya saye su a 2022, duk shekara yana sabuntawa a haka. Alhali tun daga watan Yunin 2023 da Babban Banki ya bar kasuwa ta yanke farashin naira, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a hukumance har ta haura 1,500 a 2024, kuma mafi yawan kwamfutocin da ke ƙasar nan daga waje ake shigo da su.

Ƙa'idar ita ce, wanda kayansa za su ci naira miliyan 4 a saye su yau, ya yi musu inshorar miliyan 2, ana ɗaukar cewa rabin haɗarin yana wuyansa. In ya yi asarar miliyan 1, dubu 500 za a lissafa masa, sannan a cire wani kaso da aka amince tun farko shi zai ɗauka a kowace asara. Wallahi masu shago irina da yawa ba su taɓa jin wannan ba, ni ma sai ranar. Akwai kuma bambanci tsakanin takardar da ta ce za a maye maka da sabo da wadda za ta cire kuɗin tsufa. Kwamfutar da ta mutu don ta gaji da aiki ba a biyan ta. Bayanan da ke ciki, wato aikin mutane, ba su shiga lissafi sai an sa su daban. Inshorar gobara ta shago kuwa ba lallai ta ɗauki ɓarnar hawa da saukar wutar lantarki ba. Rasit da lambar kowace na'ura a adana su a gida, don in suna shagon tare za su tafi.

Na san abin da ke hana yawancinmu ko tambaya: tsoron riba da rashin tabbas a cikin cinikin. Tsoro ne mai tushe, ni ma shi ya riƙe ni shekaru. To amma hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don sa ido kan harkar inshora, ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma a 2016 ta ba kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi. A wannan tsari gudunmawa ake zubawa a asusu ɗaya, a tallafa wa wanda masifa ta sama, in an sami rara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba, kuma akwai majalisar malamai da ke duba aikin. Malamanmu ma kullum suna tuna mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Damuwata, wannan bayani bai iso gare mu ba. Takardun da Turanci suke, da ƙananan rubutu, mai shago a Argungu ko Yawuri ko Zuru bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ga cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kowace da ɗaruruwan na'urori a ɗaki ɗaya, su ma suna buƙatar wannan bayani.

Don Allah, Malam Edita, ku tura wakilinku ya zauna da jami'an NAICOM da na kamfanonin takaful, ya tambayo mana da Hausa: nawa mai kwamfuta bakwai zai zuba a shekara, shin ana karɓar kayan hannu da ba su da rasit na kamfani, kwana nawa ake ɗauka kafin a biya, kuma wa za mu kai wa ƙara in an ƙi. Ina so in ji amsa kafin hadarin bana ya fara haɗuwa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku,
Wani mai shagon kwamfuta, Birnin Kebbi