A Dasa Gora A Bakin Binuwai Kafin Damina Ta Yi Nisa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk wanda ya bi bakin Binuwai daga Lagdo zuwa Garwa bayan damina ya ga yadda ruwa ke cin gonaki: inda aka shuka masara bara, bana kogi ne. Ka ba mu fili mu ja hankalin manoma kan gora, irin namu na daji mai toshasshen ciki, wanda ke jure rani.

Aikin gora a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwoyinsa ba sa nutsawa da nisa, saƙuwa suke yi kamar tabarma, daidai inda ƙasa ke fara zaftarewa. Ganyen da yake zubarwa kuma yana riƙe danshi. In an sari sanda don rufin ɗaki ko gawayi, gindin yana nan, zai tofo da damina, ba kamar ƙirya ba da sai an jira shekaru.

Yawancin masu dashe wajen zaɓen iri suke faɗuwa. A tono gora mai shekara 1 zuwa 2 da saiwarsa, kada fartanya ta taɓa idon da zai tsiro, a datse sandar a bar gaɓa 3 ko 4, a dasa a ranar. In ya kwana biyu a rana, ya mutu. Ramin ya kai santimita 60 faɗi da zurfi, a cika da ƙasar sama haɗe da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, ga kiran gara. Tazara mita 5 a gona, mita 2 zuwa 3 a bakin kogi, a watan Yuni, bayan ruwa ya zauna.

Kada a kai shi karal, wato ƙasar laka inda ruwa ke kwanciya. Ruɓewa zai yi. Mutanen Kuseri kuwa, can ƙuryar arewacin Kamaru, ruwan samansu bai kai na Garwa ba, sai da ban ruwa.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne a sha wahalar dashe a bar wa awaki da wutar daji. A kewaye da ƙaya, a share ciyawa kafin hunturu. Sara sai bayan shekara 4, da rani, a ɗauki tsofaffin sanduna kawai, a yanka saman gaɓar farko.

Wassalam,
Wasu malaman gona, Garwa.