Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar Karatu ta 2024/2025

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa malaman lissafi na Garwa da Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, ina neman afuwa kan jinkirin wannan rahoto. Kun san tun da aka yi wa ma'ajinmu canjin wurin aiki zuwa kudu, jakar kuɗi da littafin magatakarda duk suka dawo hannuna, ga kuma azuzuwana da ke jirana kamar na kowa.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na hutun ƙarshen shekara. Mun je ta'aziyya gidajen 'yan'uwan da suka yi rashi, Allah ya jiƙan mamatanmu.

Sai maganar kuɗin wata, kuma gara in fara da ita don duk abin da za ku ji bai kammala ba, tushensa nan ne. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Ban sa 'yan'uwanmu na wajen Yagwa da Kuseri cikin wannan ƙorafi ba, domin ambaliyar damunar 2024 ta ci gidaje da makarantu a can, kwamiti kuma ya yafe musu da zuciya ɗaya. Haka sabbin malaman da albashinsu bai fara fita ba. Maganata da wanda albashinsa ke shiga duk wata ne, in na kira shi ya ce "Malam, ƙarshen wata in sha Allah", har watanni tara suka wuce. Sau nawa na hau moto da rana tsaka zuwa Yelwa ko Rumde Ajiya, in dawo da alkawari kawai? Adadin da muka yanka, mu muka yanka shi da bakinmu, ba wanda ya ɗora mana.

Duk da haka Allah ya ba mu rana guda da ta wanke mana zuciya, wato Ranar Lissafi ta Duniya, 14 ga Maris, wadda UNESCO ta ayyana a 2019. A 2025 ta faɗo ranar Juma'a, cikin azumi, cikin zafin Garwa da kuka sani. Da yawa sun ce a ɗage. Kwamiti ya ce a fara da sanyin safiya, a tashi don sallar Juma'a, a dawo bayan la'asar, a sha ruwa tare. Hakan aka yi, kuma ɗakin da aka ara mana ya cika da ɗaliban shekarar farko na jami'a da ɗalibai masu koyon malanta, har wasu suka tsaya a taga.

Shawarar da muka yanke ita ce ba wanda zai tsaya gaban allo yana ta zuba bayani. Da safe muka raba su rukuni-rukuni, muka gwada darasin nan na Guy Brousseau, masanin Faransa kan dabarun koyar da lissafi, wanda ya rasu a 2024. An ba kowane rukuni kwali mai kusurwa huɗu da aka yayyanka, aka ce su yi irinsa amma babba, yadda gefen da yake santimita 4 zai koma 7, kowa ya ɗauki yanki ɗaya. Na tsaya kusa da wani rukuni ina kallo. Nan take uku daga cikinsu suka ce ai a ƙara 3 a kowane gefe. Suka auna, suka sa almakashi, da aka zo haɗawa sai yankunan suka ƙi zama. Wannan ya ce wa wancan "kai ne ba ka iya awo ba", suka sake yanka, ya sake ƙi. Malamin da ke kula da su ya daure bai ce uffan ba, kuma na san wuyar wannan dauriya ga malami. Can sai wata ɗaliba ta ce, "To idan 4 ya koma 7, 1 me zai koma?" Daga nan hanya ta buɗe, suka gane cewa ninkawa ake yi da 7 bisa 4. Waɗannan fa duk masu bakaloreya ne, wato shaidar kammala sakandare. Sun san dokar a takarda, amma da aka ba su kwali hannunsu ya koma kan tarawa. Abin da muke gani ke nan a takardun jarrabawar darussan lissafi na analiz da aljabra na shekarar farko.

Bayan la'asar aka shiga hatimi, wato murabba'in gidajen lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Malamar da ta jagoranta ta fara da tarihin Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen malamin da ya rubuta littafi da Larabci kan hatimai masu adadin gidaje mara (kamar 9 ko 25) a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yawancin yaran sun saba ganin hatimi a allon malaman zaure, ba su taɓa zaton akwai lissafin jami'a a cikinsa ba. Cika gidaje tara da lambobi 1 zuwa 9 bai ba su wuya ba. Sai ta tambaye su, me ya sa dole kowane layi ya ba da 15? Wani ya ce lambobin duka 45 ne, layuka uku, kowane ya samu 15. Ta ƙara tambaya, me ya sa 5 ba ya barin tsakiya? Nan aka yi shiru mai tsawo. Wani yaro da bai yi magana ba tun safe ya fito, ya ja layuka huɗun da ke ratsa tsakiya, ya ce jimlarsu 60, a ciki kowace lamba ta fito sau ɗaya, ta tsakiya ce kaɗai ta fito sau huɗu. A cire 45, saura 15, wato lambar tsakiya sau uku, ita ce 5. Da Hausa ya faɗa, wani ya maimaita wa abokansa da Fulatanci, sannan aka rubuta da Faransanci. Wannan hujja ce cikakkiya, irin wadda muke shekara muna roƙon ɗalibai su kawo. Kafin kiran magariba wasu sun kai ga hatimi mai gida 25 da jimlarsa 65. Kunu da ƙosan buɗa-baki matan wasu 'yan ƙungiya ne suka kawo daga aljihunsu, Allah ya saka musu da alheri.

Wanda ya halarta ba ya bukatar a gaya masa amfanin wannan hanya. Bincike ma ya nuna haka. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa a Amurka sun tattara nazarce-nazarce 225 kan darussan kimiyya da lissafi a jami'a, suka samu cewa inda lacca kawai ake yi kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda ake sa ɗalibai aiki da kansu kuwa kusan kashi 22. Amma ba a azuzuwanmu aka yi wannan ba, masu cunkoso da ɗaukewar wuta, inda yaro ke tunani da harshe ɗaya yana rubutu da wani. Shi ya sa muka ɗauki alkawarin yin namu binciken. Yanzu jami'o'in gwamnati uku ne a arewa, Ngaundere tun 1993, Marwa tun 2008, Garwa tun 2022, kuma ya kamata a ce muna da abin nunawa kan kurakuran da sabbin ɗalibai ke shigowa da su daga lise, wato babbar sakandare.

Binciken bai kammala ba, kuma ina so a san dalili kafin a ce kwamiti ya yi barci. An tsara tambayoyin, an gwada su, an buga kashin farko da kuɗin da ke hannu. Da yawa cikin waɗanda suka karɓi takardu ba su dawo da su ba. Wasu sun dawo da su ba tare da an nuna ajin da ya amsa ba, ko an ba yara su tafi gida da su, irin waɗannan kuwa ba sa shiga lissafi. Abin da ya rage bai isa a kafa magana a kansa ba, ni kuma ba zan sa sunan ƙungiya kan sakamakon da ba shi da ƙafa ba. Takardun suna nan a ajiye cikin kwali a ɗakina.

Ƙaramin ƙamus na kalmomin lissafi da Faransanci da Hausa da Fulatanci ya tsaya a ɓangaren aljabra, don mutum biyu kaɗai ke aikinsa. Horon GeoGebra, manhajar koyar da lissafi, an yi zama ɗaya a kan wayoyi, na biyu yana jiran majigin da ba mu iya saya ba. Kuɗin da aka ware masa shi muka taɓa don kujeru da man janareta ranar 14 ga Maris, da izinin shugaba, rasit kuma yana nan ga mai son gani.

Akwai 'yan'uwan da sunansu kawai muke gani a zauren WhatsApp. Ba taro, ba kuɗi, ba uzuri, amma da an ji labarin takardar shaidar halarta su ne farkon kira. Wannan yana kashe gwiwar 'yan kaɗan da ke ɗauke da kayan. Ina roƙon babban taro mai zuwa ya zaɓi sabon ma'aji, ya kuma yanke hukunci kan wanda ya shekara bai biya ba kuma bai kawo dalili ba. Duk wanda takardun bincike ke hannunsa ya kawo su ranar, ko an cika ko ba a cika ba, don mu san nawa za a sake bugawa kafin komawa makaranta.

Wassalam.
Magatakardan ƙungiya, Garwa