Barka da Sallah daga Kartahena, ƙasar Kolombiya

Zuwa ga Hajiya da duk mutanen gida,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Yanzu na idar da isha'i a nan, na san ku dare ya riga ya raba muku, tunda awa 6 kuke gabanmu. Lokacin da kuke saukowa daga Idi a Ƙofar Mata, ni ko asuba ba ta yi mini ba.

Lafiyata ƙalau, Hajiya, kada ki sa damuwa a ranki. Mun yi Idi a wani ɗaki da muke sallar Juma'a, sahu uku kacal: Larabawa, 'yan Kolombiya da suka musulunta, sai wasu 'yan Sanigal. Masallacin da ake ji da shi a wannan yanki yana Maikawo, kusa da iyakar Benezuwela, wanda 'yan kasuwar Labanan suka gina a 1997, amma zuwa can sai mutum ya wuni a mota. Ana shafa fatiha kowa ya duba agogo ya nufi wurin aiki, don a garin nan yau rana ce kamar kowace rana. Na sa shaddar da Yaya Sani ya aiko, har da zanna. Mai tasi ya dube ni sama da ƙasa ya ce ko aure zan ɗaura.

Na karɓi hutun wuni, amma ɗaki ya ƙi zaunuwa, sai na hau bas zuwa La Bokiya. Unguwar masunta ce a arewacin gari, gaba kaɗan da filin jirgin sama, a kan wani siririn tudu: teku a gefe ɗaya, tafki a ɗaya gefen, cike da bishiyoyin da ke tsiro cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje. Ran Lahadi ba masaka tsinke, amma yau shiru, rumfunan kaba jere da kujeru babu kowa. Masunta na jefa raga daga kwalekwale, kwasakwasa na faɗawa ruwa tim kamar an jefa dutse. Daga nesa ana hango dogayen benayen Bokagarande inda baƙi ke sauka.

Abin da ya ba ni dariya, ba wanda ya kalle ni a matsayin baƙo sai da na buɗe baki. Mutanen unguwar baƙar fata ne kamar mu. Turawan Sifen suka kafa Kartahena a 1533, suka zagaye ta da ganuwar dutse da har yanzu tana tsaye, kuma ta tashar nan aka riƙa sauke bayi daga Afirka. Wasu sun gudu sun kafa garinsu mai suna Falenke, kuma har gobe matan can suna tallan kayan marmari a daro bisa kai, da ganwo da komai. Da kin ga ɗaya daga baya, sai ki ce Gwaggo Asabe ce.

Wata dattijuwa mai rumfa ta kawo mini soyayyen kifi da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da ɗanyen agade da aka daddanne aka soya. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ina ci ina tunanin wainarki da miyar taushe. Suna da wani abu na garin masara da suke soyawa da ƙwai a ciki, arefa suke ce masa. Ranar da na fara ganinsa na ɗauka waina ce, ina gatsawa na san an yaudare ni: ba tsami, ba laushi, ba 'yan hudojin nan da ke shanye miya. Jiya na ce bari in gwada taushe da kaina. Kabewa akwai ta nan da araha, gyaɗa akwai, na samu ganye mai kama da alayyafo, har da tattasai. Daddawa ce babu. Na yi wa mai shago bayaninta da ɗan Sifaniyancina, da na zo kan warin sai ya toshe hanci yana dariya. Miyar ta fito da kala, amma a baki kamar an dama kunun kabewa. Ko da ma ta yi, wa zan aika wa? Na tuna yadda kike jera kwanuka tun safe, mu yi ta kaiwa gidajen maƙwabta, mu dawo da tuwon wasu, har a rasa wane murfi ne na wa.

Da la'asar na juya wa teku baya na yi salla a kan yashi, don nan teku a yamma yake. Ina sallamewa na ji ganguna daga cikin unguwa, yara ne ke koyon kiɗa. Wallahi gabana ya faɗi, kamar in leƙa lungu in ga dawaki. Ko an yi hawa bana? A ɗauko mini hoton Hawan Daushe in za a yi.

A gaishe da Baffa, da Kawu Isa da iyalinsa, da su Yaya Sani, in ce shadda ta yi cif. A gaishe da Malam na makarantar allo da mutanen layi. Gwaggo Asabe kuwa a gaishe ta sau bakwai, a ce mata na ga 'yar uwarta a bakin teku, kuma ya ƙafar? Ta daina zuwa kasuwa a ƙasa, na sa kuɗin a-daidaita-sahu cikin abin da na turo. Inna tsohuwa, matata ta kaina, a faɗa mata mijinta bai yi mata kishiya ba tukuna, goron Sallarta yana hannun Yaya. Auta, ke ce ba ki amsa saƙona, amma duk da haka barka da Sallarki ta fi ta kowa tsoka. Ki turo mini hoton lallenki. Sauran yara a raba musu daidai, ban da rigima.

Hajiya, in an samu mai zuwa ko ta Legas ne, a ƙulla mini daddawa da kuka, a ninka leda uku saboda masu bincike a filin jirgi. Ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Babangida