Roƙon Tallafi Domin Rumbun Gwauraye da Marayu

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu zuwa ga iyayenmu dattawa, zumuntar mata, matasa, da 'ya'yan wannan ikilisiya da neman abinci ya kai su Kano, Kaduna, Abuja da Legas. Kwamitin jin ƙai na majami'armu da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sumaila ne ke rubuto muku.

Ba sai mun faɗa muku yadda rayuwa ta koma ba tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Abin da mutumin birni ba lallai ya gani ba shi ne yadda abin ke cin manomi ta fuska biyu. Taki ya yi tsada, kuɗin mota ya ninka, saboda haka da kaka mutum zai sayar da hatsinsa da araha don ya biya bashi da kuɗin makarantar yara. 'Yan kasuwa su kwashe zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Idan damina ta yi tsaka, daga watan Yuli zuwa Agusta, gero bai nuna ba, dawa kuwa sai an kusa shiga hunturu, sai ya dawo yana sayen tiya da kuɗin da ya fi wanda ya sayar. Mai ƙarfi kan yi ƙwadago ya lallaɓa. Gwauruwa mai 'ya'ya ƙanana fa? Tafasa da rama ake dafawa, a kwaɗa da ɗan ƙuli idan an samu, a kwana.

Shi ya sa ikilisiya ta keɓe rumbu guda. Da kaka kowane gida yana kawo abin da ya sawwaƙa, wani dami, wani tiya, wata tsohuwa ma kwanon wake. Ba a buɗe rumbun sai ruwa ya zauna. Matasa kuma suna yin gayya a gonakin gwauraye, su yi noman fari da maimai.

A wajen gayyar nan ne muka ga abin da ya sa muke da ƙarfin halin roƙonku. Samarin da ke fita da fartanya, su ma gidajensu ba a ƙoshe suke ba. Wasu ko koko ba su sha ba. Amma a kan kunyoyin gona ake waƙoƙin yabo, ana tsokanar wanda aka bari a baya, mata na biyo su da kunu da ruwa, a dawo da yamma jiki ya mutu amma fuska a sake. Waɗanda suka fi kowa ƙorafin tsadar rayuwa a gindin bishiya, ranar gayya ba ka jin bakinsu. Manzo Bulus ya ba da irin wannan labari a kan ikilisiyoyin Makidoniya, a 2 Korantiyawa sura 8: suna cikin tsananin wahala da talauci, amma farin cikinsu ya yi yawa har ya zama bayarwa hannu sake, su da kansu suka roƙa a bar su su taimaka. Mu dai ba mu kai su ba, amma mun ɗanɗana.

Yanzu rumbun ya gaza. Masu buƙata sun ƙaru, jinkarsa tana yoyo, gara ta ci gindinsa. Abin da muke so shi ne ɗan ɗakin ajiya na siminti da kwano, da buhunan nan masu leda biyu a ciki waɗanda ke hana ƙwari cin wake ba tare da an sa magani ba. Sannan muna son mu sayi dawa da masara tun da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, domin kuɗin da zai sayi buhu a watan Disamba ba zai saye shi a Agusta ba. Wannan ne dalilin da ya sa muke gaggawa.

Wani zai tambaya, su wa ake ba? Dattawa da shugabannin zumuntar mata ne ke tantancewa, domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kuma ba 'yan ikilisiya kaɗai ba. Maƙwabtanmu Musulmi, da yawansu 'yan uwanmu ne na jini, tare muke zaman makoki da biki; idan tsohuwa ta turo jikanta da ƙwarya, ba ma tambayarsa inda yake ibada. Ana kai rabon gida da dare, don kada a tozarta kowa.

Mai hatsi ya kawo hatsi, mai kuɗi ya ba da kuɗi, komai ƙanƙantarsa. Magina da kafintoci da za su zo gida hutun Kirsimeti, kwana ɗaya na aikin hannunku ma babban tallafi ne. A miƙa gudummawa ga ma'ajin ikilisiya ko sakatare, a karɓi rasit. Za a karanta duk abin da ya shigo da yadda aka kashe shi a gaban jama'a bayan sujada, wanda kuma ba ya son a ambaci sunansa sai ya faɗa tun wajen bayarwa.

Ubangiji ya sa albarka a sana'o'inku, ya tsare ku a hanya.

Naku cikin Almasihu,
Kwamitin Jin Ƙai na Ikilisiya