Me ya hana ku ji ta bakin marasa takarda?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne domin in nuna ɓacin raina game da shirinku na rediyo na daren Lahadin da ta gabata. Kun gayyato baƙi uku, likita daga Ingila, malamar jami'a daga Kanada, da mai motocin haya daga Amurka, kowannensu da fasfo biyu a aljihu, suka yi ta yaba irin 'yancin da suka samu tun da suka bar Ghana, sannan mai gabatarwa ya rufe shirin kamar magana ta ƙare, wato duk wanda ya ƙetare teku ya zama mai mulkin kansa. A cikin sa'a guda cur ba a ji muryar mutum ɗaya da ke zaune a waɗannan ƙasashe ba tare da takardar izinin zama ba, alhali kuwa irinsu ne suka fi yawa a cikin yaran Zango da na haɗu da su a Turai.

Ban ce baƙinku sun yi ƙarya ba. Malamar ta faɗi gaskiya da ta ce a can babu mai sa mata ido a kan abin da ta sa ko lokacin da ta dawo gida, kuma duk wanda ya tashi a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi ya san yadda bakin mutane yake gajiyar da bazawara da saurayin da bai yi aure da wuri ba. Amma wannan 'yanci nata takarda ce ta ba ta shi, kuma abin da ya kamata mai gabatarwa ya tambaye su ke nan, sai ya buge da dariya da jinjina musu.

Ni tela ne, kuma na yi shekaru masu yawa a kudancin Italiya kafin in dawo Kumasi. Na isa can bayan an rufe afuwar da aka yi wa marasa takarda a 2002, shekarar da aka kafa dokar shige da fice ta Bossi da Fini wadda ta ɗaure izinin zaman baƙo da kwantiragin aikinsa. Na zauna a Castel Volturno, kusa da Napoli, inda 'yan Ghana suke da yawa, idan bazara ta zo kuma mu wuce gonakin tumatir na yankin Foggia. Tun kafin asuba ɗan kamasho yake kwasar mu a cikin wata tsohuwar mota da aka cire wa kujeru, a biya mu Yuro uku da 'yan kai a kan kowane ƙaton akwati da muka cika, sannan ya cire kuɗin mota da na ruwan sha daga cikin wannan ɗan abin. Idan ya rage maka akwati biyu a lissafi, shiru za ka yi, domin wurin da za ka kai ƙara shi ne wurin da za a fara tambayarka takarda. Idan ka hango motar 'yan sanda daga nesa sai ka sauya hanya ko da ba ka yi laifin komai ba. Daga 2009 ma zama ba takarda shi kansa ya zama laifi a dokarsu, da tara daga Yuro 5,000 zuwa 10,000. Wannan rayuwar ce shirinku ya tsallake kamar babu ita.

A watan Satumba na 2008 'yan bindigar Camorra, ƙungiyar 'yan ta'adda ta yankin Napoli, suka buɗe wuta a bakin wani shagon tela a garin da nake zaune, suka kashe 'yan Afirka shida, cikinsu da 'yan Ghana. Washegari mutane sun fito zanga-zanga, amma da yawa daga cikinmu mun kulle kanmu a ɗaki, domin marar takarda ko fushinsa ma sai ya ɓoye shi.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da mahaifiyata ta rasu. Ina tsakiyar gona, hannuna duk tabon ganyen tumatir, yayata ta bugo waya tana kuka, ta ce an tsayar da jana'iza bayan sallar la'asar. Kuɗin jirgi ba shi ne matsalar ba, abokai sun ce za su haɗa mini. Matsalar ita ce idan na fita ba zan iya komawa ba, ga bashin tafiyar ban gama biya ba, ga ƙanne uku a makaranta suna jiran abin da zan aiko. Na ƙarasa cika akwatin da ke gabana domin ɗan kamasho yana tsaye da littafinsa. Da daddare muka taru mu ƙalilan a wani garejin mota da muka mayar masallaci, wani dattijo ɗan Senegal ya ja mu sallar gawa daga nesa, aka ba ni hannu, kowa ya watse domin gobe akwai aiki. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in duk kuɗi na aika, ban zauna a tabarmar makoki ba ko sau ɗaya. Malam Edita, ina so wanda ya shirya wannan shiri ya gaya mini wane suna zai ba mutumin da ba shi da ikon zuwa ya binne uwarsa.

Ko maganar da likitan ya yi cewa a can mutum ya huta da takurawar dangi, ni ban ga haka ba. Ikon dangi yana bin mutum ta waya har cikin ɗakinsa. Kawu zai kira a kan kuɗin rufin ɗaki, gwaggo a kan kayan ɗakin 'yarta, a zaɓa maka mata a ɗaura aure kana can, kuma da yake ana kiranka borga, wato wanda ya je Turai ya yi kuɗi, babu mai yarda cewa ku shida kuke kwana a ɗaki ɗaya. Mu ma da laifinmu a nan, domin hoton da ake turowa gida a gaban motar wani ake ɗaukarsa.

Da aka sake yin afuwa a 2012 na samu takarda, kuma ko da yake doka ta ce mai gida ne zai biya Yuro 1,000 na rajista, daga aljihuna kuɗin ya fito. A lokacin ne na ɗanɗana abin da baƙinku suke faɗi, na shiga jirgin ƙasa ba tare da gabana yana faɗuwa ba, na je asibiti da sunana na gaskiya. Amma da yake izinin yana rataye da aikin, mai gidan ya san ba zan iya ce masa a'a ba idan lokacin sabuntawa ya matso, sai ya ƙara sa'o'i bai ƙara ko sisi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce gidan rediyon da mutanen Zango suke saurare ne ya manta da wannan. Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su Salaga da Kumasi, sun haifi 'ya'ya da jikoki a nan, amma a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia, firayim ministan Ghana na lokacin, ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa. Mahaifina ya sha ba mu labarin maƙwabtansa da suka sayar da gida a kuɗin banza suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya. Har gobe ɗan Zango yana iya zuwa neman fasfo a tsaya ana tambayarsa garin kakansa. Mu da muka san wannan a cikin gidajenmu bai kamata a zo ana gaya mana 'yancin baƙo ba tare da an ambaci takarda ba.

Ku sani yara suna sauraronku. Washegarin shirin, almajiraina biyu a shago ba su da hira sai ta Turai, ɗayansu har yana lissafin abin da keken ɗinkinsa zai yi idan ya sayar, da kuɗin mota zuwa Agadas. Yaron bai san Sahara ba, bai san gidajen da ake tsare mutane a Libiya ana bugo wa iyayensu waya su turo kuɗi ba, bai ga hotunan da duniya ta gani a 2017 na 'yan Afirka da ake gwanjonsu a can ba. Abin da ya ji kawai shi ne manya masu ilimi sun ce a can mutum yana yin abin da ya ga dama. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, kuma ku ne kuka nuna masa bakinta.

Ina roƙonku ku sake shirin, ku gayyato waɗanda aka dawo da su daga Libiya, da 'yan matan da suka yi aikatau a ƙasashen Larabawa aka karɓe musu fasfo tun ranar da suka sauka, da irinmu da muka tsufa a gonakin Turawa. Ba sai kun yi nisa ba, suna nan cike a Aboabo da Sabon Zango da Tafo, kuma idan aka sakaya sunansu za su yi magana. Sannan ku buɗe layin waya da gaske, domin a daren na yi ta bugawa ba a ɗauka ba, amma aka samu lokacin sa tallar maganin gargajiya har sau huɗu a tsakiyar hira, da ƙarar da ta fi ta masu magana. Wannan ma ya kamata ku duba.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani tela,
Aboabo, Kumasi.