Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Inda Aka Kwana kan Dokar Bulala a Tseren Dawaki

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga iyayen ƙungiya, da 'yan uwa mahaya, masu dawaki, masu horaswa, alƙalan fage da likitocin dabbobi da ke tare da mu.

Ga rahoton kwamitin zartarwa na shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin shiga da fita yana cikin takardar ma'aji, ba za mu maimaita shi a nan ba. Babban taron bara ya ɗora mana aiki ɗaya da ya fi sauran nauyi, wato mu fito da rubutacciyar ƙa'ida kan amfani da bulala a tsere, tare da hukuncin mahayin da ya wuce gona da iri. Wannan aiki shi ya cinye mafi yawan lokacinmu, shi kuma zai cinye mafi yawan rahoton nan.

Abin da kwamitin bulala ya tarar

Kafin a rubuta ko da layi ɗaya, kwamitin ya zauna ya karanta dokokin ƙasashen da suka daɗe suna fama da wannan magana. Abu na farko da ya fito fili shi ne babu adadi guda da duniya ta amince da shi. A Birtaniya, tun 2023, mahayi ba ya wuce duka 6 a tseren fili, ko 7 a tseren tsallake shinge. Faransa ta sauko zuwa 4 a 2023 ɗin, Jamus kuma 3. A Amurka, ƙa'idar HISA, hukumar da ke kula da tseren dawaki a can, da ta fara aiki a 2022 ta ba da 6, amma ba a jera fiye da biyu ba tare da an bar doki ya yi taku biyu ya amsa ba. Ostareliya ta ɗauki wata hanya dabam: duka 5 kafin a shiga mita 100 na ƙarshe, daga nan kuma an bar wa mahayi ya yi da hankalinsa. Can ƙarshen layi akwai Norwe, wadda ta fara hana bulala tun 1982, da Suwidin da ta hana a kora doki da ita daga 2022.

Bambancin lambobin bai dame mu sosai ba. Abin da ya tsayar da mu shi ne tambayar da wani tsohon mahayi a cikin kwamitin ya yi ta nanatawa: in mutum ya karya dokar ya ci tsere, me ya rasa?

Tarihin Birtaniya ya amsa masa. A 2011 Jason Maguire ya ci Grand National, babban tseren tsallake shinge na ƙasar, a kan dokinsa Ballabriggs, aka dakatar da shi kwana 5 saboda yawan duka, kofi kuwa ya tafi gida. A watan Yunin shekarar Frankie Dettori ya sami dakatarwar kwana 9 bayan ya ci wani babban tsere a Ascot a kan Rewilding. Surutun jama'a ya sa hukumar tseren dawaki ta Birtaniya, BHA, ta kawo sabuwar doka a watan Oktoba: 7 a fili, 8 a tsallake, kuma kada a wuce 5 a zangon ƙarshe. Dokar ta zo da zafi ƙwarai. Mahayi Richard Hughes ya miƙa lasisinsa don nuna fushi, Christophe Soumillon kuma ya rasa kasonsa na sama da fam 50,000 bayan ya ci Champion Stakes a kan Cirrus des Aigles, a kan duka ɗaya tak da ya ƙaru. Ba a yi mako biyu ba aka sassauta dokar, aka mayar masa da kuɗinsa. Dokar da mahaya ba su karɓa ba, ga yadda ta ƙare.

Shekara goma sha ɗaya bayan nan, a 2022, Sam Waley-Cohen ya ci Grand National a kan Noble Yeats. Aka ci shi tarar fam 400, aka dakatar da shi kwana 9. To, wannan shi ne tserensa na ƙarshe, ya riga ya sanar zai ajiye sirdi. Dakatar da wanda ya riga ya sauka ihu ne bayan hari. Mai dokin da ya zo na biyu shi ne ya biya kuɗin laifin wani.

Ko tara mai nauyi ma ba ta rufe ƙofar ba. Kerrin McEvoy ya sha tarar dalar Ostareliya 50,000 bayan gasar Melbourne Cup ta 2020, kafin a rage ta a ɗaukaka ƙara. A Kentucky Derby ta 2025, Junior Alvarado ya yi wa Sovereignty duka 8 maimakon 6, hukuncin farko ya zama tarar dala 62,000 da dakatarwar kwana 2, dokin kuma ya ci gaba da zama zakara. In ladan tsere ya kai wani matsayi, tara ta koma kamar kuɗin shiga. Mai doki ma na iya biya wa mahayinsa a ɓoye, kuma kowa a cikinmu ya san ana yi.

Shi ya sa matakin da Birtaniya ta ɗauka a 2023 ya fi jan hankalinmu: wanda ya wuce adadi da duka 4 ko fiye, a soke sakamakon dokinsa. An kuma ninka kwanakin dakatarwa a manyan tsere. Wannan shi ne karo na farko a can da laifin bulala ya taɓa aljihun mai doki da mai horaswa kai tsaye, waɗanda sau da yawa su ne ke raɗa wa yaro a kunne cewa kada ya tausaya. Amma shi ma yana da nasa aibin. Ba alƙalan fage ke yanke hukuncin a ranar ba, wani kwamiti ne ke duba bidiyo bayan kwanaki. A tseren Cesarewitch na 2024 a Newmarket, Alphonse Le Grande ya zo na ɗaya, bayan 'yan kwanaki aka ƙwace nasarar bisa cewa mahayinsa Jamie Powell ya yi duka 10, sannan a ɗaukaka ƙara aka ce ɗaya daga ciki bai cika duka ba, aka mayar masa. Makonni ana jiran a san wa ya ci tseren da ya ƙare cikin 'yan mintuna.

Zaman sauraron mambobi

Mun kira zaman sauraro fiye da ɗaya, kuma ba a tashi ana dariya ba. Mahaya sun tsaya kai da fata cewa bulala kayan tsaro ce. Doki mai nauyin kusan kilo 500 yana gudun da ya kai kilomita 60 a sa'a, in ya karkata zuwa shinge ko kan ɗan uwansa, linzami kaɗai ba koyaushe yake dawo da shi ba. Sun kuma ce ba dabara ba ce a sa mutum ƙirga a daidai lokacin da yake tsakiyar cunkoso, idonsa na kan ƙafafun dokin gaba. Gaskiya ce, kuma babu wanda ya musa.

Likitocinmu suka kawo nasu. Sun yi bayanin binciken da Paul McGreevy da abokan aikinsa na Jami'ar Sidini suka wallafa a 2020, wanda ya nuna saman fatar doki, inda jijiyoyin jin zafi suke, bai bambanta da na mutum ba ta yadda za a ce doki ba ya ji. Wani binciken na 2020 ɗin ya kwatanta tseren 'yan koyo na Birtaniya, inda ake riƙe bulala amma ba a kora doki da ita, da tseren da aka saba, bai ga bambancin a zo a gani ba a sarrafa doki ko a lokacin da aka ɗauka. Masu goyon bayan bulala suka ce ai ta zamani mai soso ce, iska ce a cikinta, ƙara ta fi yi. Likita ta amsa cewa in ƙara kawai take yi, ba za a riƙa ganin shati a kuturin wasu dawaki bayan tsere ba.

Akwai 'yan tsiraru da suka nemi mu bi sawun Norwe mu hana gaba ɗaya. Kwamitin zartarwa bai ɗauki wannan ba a yanzu. Jihar New Jersey ta Amurka ta gwada hani irin wannan a 2021, wasu mahaya suka ƙaurace wa fagenta, shekara ta zagayo aka janye. A ganinmu, dokar da mahaya za su bi ta fi dokar da ta yi kyau a takarda. An rubuta ra'ayin 'yan tsirarun a ƙarshen daftarin kamar yadda suka nema.

Daftarin da za a kaɗa wa ƙuri'a

Muna ba da shawarar duka 6 a tsere guda. Taɓa kafaɗar doki alhali hannaye biyu na kan linzami ba ya cikin ƙirga, haka ma dukan da alƙali ya gamsu an yi shi ne don kauce wa haɗari. Amma adadi rabin magana ne. Mahayin da bai kai 6 ba ma yana iya shiga hannu in ya ɗaga bulala sama da kafaɗarsa, ko ya doki kai, wuya, haƙarƙari ko kwiɓi, ko ya jera duka bai bar doki ya amsa ba. Haka wanda ya ci gaba da dukan dokin da ya gaji, ko wanda ya riga ya yi fintinkau, ko wanda ba shi da sauran rabo a tseren. A wurin wasunmu wannan na ƙarshen ya fi muni, domin babu abin da ake nema da shi sai huce haushi.

Hukunci yana hawa bene-bene. Ƙarin duka ɗaya zuwa uku, dakatarwa da tara, kuma tarar kaso ce daga ladan mahayi a tseren, ba tsayayyen kuɗi ba, don ta girma tare da girman tseren. Ƙarin huɗu ko fiye, a soke sakamako, lada da kofi su koma ga na biyu. Wanda ya maimaita cikin wata shida, a ninka masa. In likita ya ga shati ko jini, maganar ta tafi gaban kwamitin ladabtarwa ko da ƙirga bai cika ba. Mai doki ko mai horaswa da aka tabbatar shi ya ba da umarnin duka, ko ya biya wa mahayi tara, shi ma yana da nasa hukuncin. Wannan sakin layi shi ya fi shan gardama, kuma muna sa ran zai sake sha a zauren taro.

Darasin Cesarewitch ya sa muka rubuta cewa hukuncin soke sakamako a ranar tsere za a yanke shi, kafin a miƙa kofi, bayan alƙalai sun kalli bidiyo sun kuma saurari mahayi. Ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take na ɗan gajeren lokaci.

Horo da sauran ayyuka

An gudanar da bita ga matasan mahaya kan kora doki da hannu da diddige, da sauya bulala daga hannu zuwa hannu ba tare da sakin linzami ba. Manyan mahayanmu ne suka koyar, ba su karɓi ko sisi ba, muna gode musu. Wani abin da ya ba da mamaki a bitar: da aka nuna wa yaran bidiyon hawansu, aka ce kowa ya faɗi dukan da ya yi kafin a ƙirga, yawancinsu sun faɗi ƙasa da abin da ido ya gani. Ba ƙarya suke yi ba, zafin tsere ne. Saboda haka muka sa kallon bidiyo cikin horon kowane ɗan koyo.

Alƙalan fage ma sun yi nasu zaman, inda suka ƙirga duka a bidiyo guda kowa shi kaɗai, sannan aka kwatanta. Ba kullum lissafinsu ya zo ɗaya ba, musamman inda dokin gaba ya tare kyamara. Sun nemi a kafa kyamara ta gaba da ta baya, bayan ta gefe da muke da ita. Ba a saya ba tukuna, buƙatar tana cikin kasafin da ma'aji zai gabatar. In ba a amince da ita ba, sakin layin soke sakamako ba zai aiwatu da adalci ba, don haka muna roƙon a dubi abubuwan biyu tare.

An fara duba bulala a ɗakin awo kafin kowane tsere. Mai soso kaɗai ake bari, tsawonta kada ya wuce santimita 70. An mayar da wasu da sosonsu ya yage ko aka naɗa musu abu a baki. Rajistar mambobi ta koma kwamfuta, kuma wanda bai sabunta katinsa ba ya ga magatakarda kafin ranar taro, domin mai kati ne kaɗai zai kaɗa ƙuri'a.

An tura wa kowa kwafin daftarin. Mai gyara ko ƙari ya rubuto wa ofishin magatakarda aƙalla mako guda kafin babban taro, da lambar sakin layin da yake nufi. Za a kaɗa ƙuri'a kan adadin duka dabam, kan soke sakamako dabam, kan hukuncin masu dawaki da masu horaswa dabam.

Wassalam.

Magatakarda, a madadin kwamitin zartarwa