Barka da Sallah daga Kansas

Assalamu alaikum Baba da Inna, da duk mutanen gida, manya da yara.

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi ibadunmu da layyarmu. Da fatan an sauko idi lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi, sai kewar gida da ta taso ni a gaba tun asuba, har na ga waya ba za ta ishe ni ba, gara in zauna in rubuto.

Awa 6 ke tsakaninmu, don haka lokacin da muka tayar da sallar idi a nan, ku kun yi azahar, rago ma yana rataye. Mun yi idinmu a masallacin garin Manhatan da ke jihar Kansas ta Amurka, ba waccan ta Niyok da ake gani a talabijin ba, wannan ƙaramin garin jami'a ne a tsakiyar makiyaya. Larabawa ne da 'yan Pakistan da Bangaladash suka fi yawa, sai mu 'yan Afirka ta Yamma tsiraru. Na saka shaddar nan da Yaya ya ɗinka mini, da hular da Goggo ta aiko, mutane sai tambaya suke daga wace ƙasa nake. Da aka shafa fatiha aka raba dabino da shayi, aka rungumi juna, kowa ya shiga motarsa. A waje kantuna a buɗe, maƙwabta na yanke ciyawar ƙofar gidansu, ba wanda ya san yau wata rana ce. Ba tambari, ba algaita, ba ƙurar dawakan hawan Sarki.

Wani bawan Allah ɗan Pakistan ya ja ni gidansa, aka ba mu shinkafa da naman rago mai kayan ƙamshi, na ci na ƙoshi, Allah ya saka masa da alheri. Amma Inna, abin da raina ke nema ba ya cikin farantin nan. A nan ba a yanka a ƙofar gida, sai an je gona bayan gari, a kawo maka naman a yayyanke cikin leda, ba kai ba ƙafa. Ni kuwa ƙaurin babbaka nake so in ji ya cika unguwa. Ina so in ga kayan ciki a kasko da yamman nan, hanta da ƙoda da tumbi, ku kuna juyawa da dogon ludayi kuna korar yara daga bakin murhu, su kuma suna dawowa. Gobe a sauke naman a yi babbar suya, a barbaɗe shi da yajin nan naku mai citta da kanumfari, a zuba a kwanon da kuke turawa ƙarƙashin gado. Har kakiden ma kewarsa nake, a ɗiba a zuba a ɗumamen tuwo da safe, ko a wake da shinkafa. Na san sai an kai watan Muharram ana ciro tsoka ɗaya-ɗaya daga kwanon nan, kuma na san wanda za a fi ba, Auta ce, tunda bana nan.

Baba, kun sha tambayata wane irin aiki ne wannan da mutum zai haye teku ya je ƙirga ciyawa. Bari in yi muku bayani yau da nake da sarari. Wurin da muka fi aiki sunansa Konza, daji ne na bincike mai faɗin hekta kusan 3,500 a kudu da garin, jami'ar jihar Kansas ke kula da shi. Ba dajin itatuwa ba ne, ciyawa ce zalla har iyakar ganinka, tudu bayan tudu. A da irin wannan makiyaya ta doguwar ciyawa ta mamaye eka miliyan 170 a Arewacin Amurka, yanzu abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, sauran duk garma ta cinye, an mai da shi gonakin masara da alkama. Wannan yankin, da ake kira tsaunukan Filint, duwatsu ne suka cece shi, don ƙasar ba ta da zurfi, garma ba ta shiga. Babbar ciyawarsu kuwa 'yar uwar gambarmu ce ta jini, dangi ɗaya suke a ilimin tsirrai. Yanzu tana wajen gwiwa, amma zuwa Satumba, in an sami ruwa, tana iya shanye tsayin mutum. Ranar da na fara kama ganyenta a hannu sai da na tuna zanan gidan Kaka.

Da sassafe muke fita kafin rana ta yi zafi. Mu ja igiyar awo mita 50, mu tsaya a wuraren da aka kafa alama shekara da shekaru, mu durƙusa mu rubuta kowane tsiro da ke wurin da irin filin da ya rufe. Wani sai ka buɗe gindin ganyen ka duba ko yana da gashi kafin ka san ko wane ne. Ƙarshen damina kuma za mu yanke ciyawa a ɗan ƙaramin murabba'i, a busar a auna nauyinta. An kasa dajin kashi-kashi: wani ana cinna masa wuta duk shekara, wani bayan shekara 4, wani sai bayan 20, wani kuma ɓaunan Amurka ke kiwo a cikinsa, waɗanda aka dawo da su wurin a 1987. Inda aka daɗe ba a ƙona ba, sai ka tarar da sarƙaƙiya da wani itace da ake kira sida sun danne ciyawar. Wato a nan gobarar daji da gangan ake yinta, a Maris da Afrilu, da motar ruwa da ma'aikata, bayan an duba iska.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce wata ciyawa da ake kira lesfedeza. Daga gabashin Asiya aka kawo ta, da kyakkyawar niyya, don ta hana zaizayar ƙasa ta kuma zama abincin dabbobi. Sai ta fi ƙarfin masu ita. Idan ta girma ganyenta yana da bauri, shanu ba sa ci, sai su bi ciyawar da ke gefenta su cinye, ita kuma ta samu fili. Kara ɗaya yana iya zubar da iri sama da 1,000, irin kuma ya yi shekaru a ƙasa yana jira. A 2000 jihar Kansas ta saka ta cikin muggan ciyayin da doka ta wajabta wa mai fili ya yaƙa. Mukan bi makiyayun da ke kewaye muna neman ta, inda muka gani mu ɗauki wurin da na'ura, a dawo a yi feshi. Awaki da tumaki suna cinta, kuma bincike ya nuna ƙona fili a Agusta ko Satumba yana rage mata iri sosai. Baba, duk lokacin da na tsaya a filin da ta cinye, kachalla nake tunawa, yadda ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja har Nguru bayan madatsun Tiga da Challawa sun canza tafiyar kogin, ta cinye fadamun shinkafa, ta zama makwancin tsuntsayen jan baki. Abin da na gani a nan shi ne suna da rubutaccen tarihin kowane fili na shekaru sama da 40, shi ya sa suke gane ɓarna tun tana ƙarama. Wannan nake son in koya in kawo gida, kuma da zuciya ɗaya nake yinsa.

Wahalarsa kaska ce, da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, su bi ƙafa su bar ka da ƙaiƙayi na kwanaki. Dole mu cusa ƙafar wando cikin safa. Rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, azumin Arfa jiya ya yi tsawo, amma Allah ya kawo sauƙi.

A gaishe mini da Kaka gaisuwa ta musamman. A ce mata ina shafa man da ta ba ni, ina kuma karanta addu'o'in da ta koya mini kafin in shiga daji, ban taɓa fashi ba. A yanko mata hanta mai laushi tun da zafinta, a daka mata naman saboda haƙoranta, kuma don Allah a kai ta a duba idon nan kafin ruwa ya yi ƙarfi hanya ta ɓaci, zan turo abin da ya samu ƙarshen wata. Ina gaida Baffa da iyalinsa, da Kawu, da Goggo ta Gumel, a gaya mata hula ta yi daidai. Yaya da matarsa da jaririn da ban gani ba sai a hoto, Allah ya raya shi. Auta, goron Sallarki yana wajen Yaya, ki je ki karɓa, ki raba da 'yan uwanki, kuma ina jiran sakamakon jarrabawarki. Ki ɗauko mini hawan gobe a waya, ko minti 2 ne, da sautinsa. A gaida Malam na makarantar allo, a roƙa mini addu'arsa. Maƙwabta duka, da abokaina na majalisar ƙofar gida, da mai shayin bakin titi.

Baba, ku sanar da ni ko ruwa ya zauna an yi shukar gero, da yadda fadamar take bana. In an sami mai zuwa wajen, a ɗauko mini hoton bakin ruwan, ina so in nuna wa malamin da nake aiki a ƙarƙashinsa. Ku ci gaba da saka ni a addu'a.

Wassalam,
ɗanku.